Shari'ar Mutuwar Aure a Ƙasar Hausa, Jiya da Yau

Hausawa sun ce, zo mu zauna zo mu saɓa. Tun ranar da aka fara ɗaura aure a ƙasar Hausa ake kuma kashe shi, ba a kuwa taɓa yin zamanin da alƙalai suka huta da ƙarar miji da mata ba. Shi sakin ba shi da wuya, kalma ce guda ta fita daga bakin miji, ko layi biyu a kan takarda. Wuyar tana ga abin da ke biyo baya. Ina matar za ta zauna har ta gama idda? Wa zai ciyad da ita? Sadaki na wane ne, kayan ɗaki kuma na wane ne? 'Ya'ya fa, gidan uba za su zauna, ko uwa za su bi? Waɗannan tambayoyi duka suna da amsa a rubuce cikin littattafan da malaman ƙasar Hausa suka fi shekara 500 suna karantawa. Amma tarihi ya nuna cewa abin da ke rubuce dabam, abin da ake aikatawa cikin gidaje dabam, kuma wanda ya fi cutuwa da wannan bambanci shi ne wanda bai san hakkinsa ba, watau mace da yaro ƙarami.

Al'adar da Musulunci ya tarar

Kafin Musulunci ya kafu, zaman Bahaushe zaman gandu ne. Mai gida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, sabo da haka yawan hannuwa shi ne arzikin gida. Aure kuwa a lokacin sha'ani ne na gida biyu. Dangin miji su kai dukiya gidan iyayen yarinya, su taya su aikin gona, sa'an nan a kawo ta. In zaman ya ƙi daɗi ta koma gidansu, sai dattawan sassan biyu su zauna su lissafa abin da aka kashe, iyayenta ko wanda zai aure ta nan gaba su biya. 'Ya'ya kuwa ba a ko sa su cikin lissafi, domin kowa ya san na gidan uba ne, can za su yi noma, can za su ci gado. Uwa takan tafi da na goye kaɗai, ran da ta yaye shi kuwa a zo a karɓa.

Irin wannan tsari ya daɗe wurin Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, waɗanda suka riƙe addinin kakanni har cikin ƙarni na 20. Ko cikin birane ma, inda Musulunci ya yi ƙarfi, saiwar wannan al'ada ba ta mutu ba, balle wajen maganar 'ya'ya.

Zuwan littattafai

Tarihin Kano ya faɗi cewa Wangarawa sun zo daga Malle da Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Bayan shekara 100 da 'yan kai, zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, sai Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya iso birnin daga arewacin Afirka. Ya rubuta wa Rumfa littafi a kan wajiban sarauta. Cikin abin da ya hore shi da shi har da ya riƙa zama kullum inda mata da yara za su iya kai kukansu gare shi, kada ya dogara ga alƙalai kaɗai, domin wata ƙarar a kan su alƙalan take.

Shari'ar da ta kafu ita ce ta mazhabar Imamu Maliku na Madina, wanda ya rasu cikin 795. Almajiri yakan fara da ƙananan littattafai, Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kafin ya kai ga manya. Guda uku su ne jigon alƙalanci: Risala ta Ibn Abi Zaidi mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 996, da Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, da Tuhfatul Hukkami na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu cikin 1426. Har yanzu in alƙali zai yanke hukuncin aure, ga waɗannan littattafai yake komawa. Sabo da haka ba a gane tarihin sai an san abin da suka ƙunsa.

Abin da littattafan suka hukunta

Igiyar aure uku ce, tana hannun miji. Sakin sunna shi ne ya yi guda ɗaya, cikin tsarkin da bai sadu da matar ba, ya bar ta ta yi idda. Idda tsarki uku ce ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. In saki ɗaya ne ko biyu, to, muddin idda ba ta cika ba matar tana nan a matsayin matarsa. Cinta da suturarta da wurin kwananta suna wuyansa, yana iya yin kome ba da sabon sadaki ba, in kuwa ɗayansu ya mutu ɗayan ya gāje shi. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratuɗ Ɗalaƙi, ya hana a fitad da ita daga ɗakinta a wannan lokaci, hikimar kuwa ita ce ko zukata za su huce a daidaita.

Wanda ya tara saki uku cikin kalma ɗaya ya yi bidi'a, ya kuma yi saɓo, amma ga Malikiyya sakin ya auku, magana zarar bunu ce. Ba ta halatta gare shi sai ta auri wani, aure na gaskiya, sun rabu don kansu. Auren kashe wuta, wanda ake shiryawa don kawai ta koma ɗakinta na dā, haram ne, kuma ba ya halatta ta. Wadda aka yi wa sakin da babu kome tana da wurin zama har idda ta ƙare, amma ba ta da ciyarwa sai in tana da ciki. Wanda kuwa ya saki matarsa yana cikin cutar ajali, matar tana gadonsa ko da idda ta cika, don kada a mai da saki hanyar hana gado.

Sadaki na mace ne ita kaɗai, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. In aka sake ta kafin saduwa tana da rabinsa, kuma babu idda a kanta. In bayan saduwa ne, duka nata ne. An so miji ya ba ta wata kyauta ta sallama gwargwadon ƙarfinsa, wadda malamai ke kira mutu'a. In suka yi jayayya a kan kayan gida, ba mai shaida, abin da aka san kayan mata ne, kamar tukwane da tasoshi da zannuwa, sai a ba matar bayan ta rantse, sauran a ba mijin bayan ya rantse.

Mace ma shari'a ta buɗe mata ƙofofi. Ta fari ita ce hul'i, watau ta fanshi kanta da dukiya in ta ƙi zaman ba da laifin miji ba. Asalinsa matar Sabitu ɗan Ƙaisu ce, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce ta ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki, mijin ya sake ta. Ta biyu ita ce alƙali ya raba auren da kansa, ba ta biya ko anini ba, in ta tabbatar da cuta, kamar duka da zagi, ko rashin ci da sutura. Wanda ya rantse ya ƙaurace wa matarsa akan ba shi wata 4, ya koma ko a raba. Wanda ya ɓace ba labari, matarsa ta kai ƙara, a bincika, ta jira shekara 4, sa'an nan ta yi takaba, wata 4 da kwana 10. In rikici ya yi tsanani ba a san mai laifi ba, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kuma ga Malikiyya suna da ikon su raba in gyara ya gagara. Har wa yau, wadda aka cuta don a tilasta mata hul'i, in ta kawo shaida daga baya, sai a mayar mata da abin da ta biya.

Maganar 'ya'ya ita ce inda shari'a da al'ada suka fi yin hannun riga. Ɗan da aka haifa bayan wata 6 da aure na miji ne. Wanda aka haifa bayan saki ma ana danganta shi ga tsohon miji muddin matar ba ta yi wani aure ba, har zuwa shekara 4 ko 5 bisa maganar malaman Malikiyya, shi ne Hausawa ke cewa kwantacce. Riƙo kuwa na uwa ne. Ita za ta riƙe ɗa namiji har ya balaga, ta riƙe 'ya mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, riƙo ya koma ga kakar yaran ta wajen uwa, daga nan sai 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Uba kuwa shi ne waliyyi, shi ke da lura da tarbiyya da karatu, kuma ci da sutura da magani duk a wuyansa suke, ko a gidan wa yaran suke kwana. Har ladan shayarwa matar da aka saki tana iya nema.

Zamanin Jihadi

Wajen ƙarshen ƙarni na 18 littattafan nan suna nan cikin zaurukan malamai, amma fada da kasuwa al'ada ke mulki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, ya sa wannan cikin manyan abubuwan da ya yi wa'azi a kansu. Cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantad da almajirai dare da rana, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ba su san ko hukuncin da ya hau kansu ba. Cikin Ihya'us Sunna ya hana manya su cinye sadakin mace. Cikin Kitabul Farƙi kuwa ya lissafa laifofin sarakunan lokacin, har da cin hanci a wurin shari'a da ƙwace dukiyar magada.

Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu cikin 1804, da faɗuwar Alƙalawa cikin 1808, sai aka naɗa alƙalai cikin manyan garuruwan daula, da Alƙalin Alƙalai a Sakkwato. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don ya zama jagora ga masu mulki da masu shari'a. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura jajogi ƙauyuka suna koya wa mata addini da harshen da suke ji. Da haka mace ta sami zauren da za ta kai ƙara, da sanin cewa tana da abin da za ta nema a can.

Amma fa zauren alƙali yana birni, yawancin jama'a kuwa suna ƙauye. A can sha'anin yana hannun iyaye da mai unguwa da dagaci. Mace ta yi yaji, miji ya je biko, in ya gagara a rabu. Ta yi idda gidan ubanta, ba mai tunawa da ciyarwar da ke kan miji. Yaro kuwa da yaye sai gidan uba, domin mutane suna ƙin ɗansu ya zama agola a gidan wani.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Kano cikin Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato cikin Maris. Gwamna Lugga ya yi alkawari ba za a taɓa addini ba, alƙalai kuma za su ci gaba da shari'a. Dokokin kotunan ƙasa na 1900 da 1906 sun hana waɗansu hukunce-hukuncen laifi, irin su yanke hannu, amma aure da saki da gado an bar su yadda suke. Abin da ya sake shi ne tsari. Aka raba kotuna daraja-daraja, aka yanka wa alƙalai albashi daga baitulmali, kuɗin ƙara ya koma shiga asusu, aka kuma tilasta rubuta kowace shari'a cikin littafi, wanda Di'o ke dubawa in ya zo rangadi.

Duniyar ma ta sake. Dokar 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba, cikin 1936 kuwa aka kashe bauta gaba ɗaya. Tsakanin waɗannan shekaru alƙalai sun sha shari'ar kuyangi da ƙwaraƙwarai masu neman fansa don su yi aure, da jayayya a kan wanda ke da 'ya'yansu. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, sule da kwabo suka kori wuri. Hanyoyi suka yi lafiya, maza suka bazu cin rani, waɗansu haƙar kuza a Jos, waɗansu fatauci a Kurmi, suka bar mata suna jiran aike. Kuɗi kuma ya shiga sha'anin aure fiye da dā, toshi da gaisuwar iyaye da lefe suka yi nauyi.

Wannan nauyi ya bayyana a zauren alƙali. Mace ta zo ta ce ba ta son auren, a aika wa miji da sammaci, a nemi sulhu, in ta kafe sai mijin ya shiga lissafin duk abin da ya kashe tun daga ranar da ya fara zance. Alƙali ya tace, ya yanke abin da za a biya, sau da yawa kuwa bazawarin da ke jiranta shi ke kawo kuɗin. Ta haka hul'i ya zama babbar hanyar fita, har ga matan da aka cuta, waɗanda shari'a ta ce a raba su ba biya. Dalili kuwa cuta tana bukatar shaidu, abin da ya faru cikin ɗaki kuwa wa ya gani? Ga kuma kunya, ga tsoron jan shari'a, domin an ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Labarin zaman matan wannan zamani ya wanzu daga bakin ɗaya daga cikinsu, Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, aka buga shi littafi cikin 1954. Ta yi aure huɗu, na farin auren zumunta ne wanda ba ta so. Labarinta ya nuna mutuwar aure ba abin mamaki ba ce a lokacin, kuma dangi da ƙawaye su ne madogarar bazawara.

Domin a sami alƙalai masu horo, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano cikin 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko malamai daga Sudan. Cikin 1947 aka faɗaɗa ta ta zama makarantar koyon ilmin Arabiyya.

A hayin iyaka kuwa, Hausawan Damagaram da Maraɗi da Tawa suna ƙarƙashin Faransa. Can ma an bar aure da saki ga al'ada da malamai, sai dai dokar Mandel ta 1939 ta sa yardar ango da amarya sharaɗi ta kuma ƙayyade shekarun aure, dokar Jacquinot ta 1951 ta nemi rage tsadar dukiyar aure. Bayan Nijar ta sami mulkin kai cikin 1960, dokar kotuna ta 1962 ta ci gaba da barin sha'anin iyali ga al'adar masu ƙara.

Gyaran kotuna

Da mulkin kai ya gabato, Gwamnatin Jihar Arewa ta shiga gyara. Cikin 1956 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi. Cikin 1958 Firimiya, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ya gayyato masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, suka duba tsarin shari'a duka. Bisa shawararsu aka tattara hukuncin laifuffuka cikin kundi ɗaya mai lambobi, wanda ya fara aiki cikin 1960. Aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado kuwa aka bar su ga mazhabar Maliku, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai. Malam Abubakar Gumi ya hau wannan kujera cikin 1962.

Nan akwai abin lura. Wanda ake tuhuma da sata yana iya buɗe kundi ya ga lambar laifinsa da hukuncinsa. Matar da aka ƙwace wa ɗa kuwa hakkinta yana cikin Muhtasar, da Larabci mai wuya wanda ko malami sai da sharhi yake gane shi. Yaƙi da Jahilci, wanda aka ɗaura cikin shekarun 1950, ya fara toshe wannan ɓaraka. Dubban manya suka koyi karatun boko, aka buga musu littattafai a Zariya, har da Ibada da Hukunci na Malam Haliru Binji, wanda ya bayyana fiƙihun Malikiyya da Hausa. Daga baya fassarar Alƙur'ani ta Malam Abubakar Gumi ta fito cikin 1979.

Bayan juyin mulkin soja, dokar 1967 ta soke kotunan sarakuna, ta karɓe na alƙalai daga hannun En'e ta mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. Cikin 1970 aka yi dokar rabuwar auren rajista, irin wanda Kiristoci da yawa ke yi. Shi wannan aure Babban Kotu kaɗai ke kashe shi, sai kuma an tabbatar ya lalace ba gyara. Cikin 1978 majalisar tsara mulki ta yi zazzafar gardama a kan kafa kotun shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi suka fice. Aka daidaita a kan kowace jiha da ke so ta kafa tata, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya kuma ta ƙunshi aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 277, ya lissafa abin da kotun jiha ke ji: aure da mutuwarsa, da riƙon yara, da waƙafi, da kyauta, da wasiyya, da gado.

Daga 1999 zuwa gaba

Cikin Oktoba 1999 Jihar Zamfara ta ƙaddamar da faɗaɗa shari'a, har waɗansu jihohi 11 suka bi. Mafi yawan sababbin dokokin na laifuffuka ne, amma sun taɓa zawarawa ta wata fuska. Cikin Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa wata bazawara da ta haihu bayan saki, cikin hujjojin kuwa har da tsohuwar mas'alar kwantacce, wadda ta danganta ɗan ga tsohon miji.

A Kano aka kafa hukumar Hisba da doka cikin 2003, sulhunta ma'aurata ya zama babban aikinta. Cikin 2009 wata ƙungiyar zawarawa ta shirya fitowa titi don kuka da yawan saki da watsar da 'ya'ya, aka hana. Cikin 2012 Gwamnatin Kano ta fara aurad da zawarawa da kuɗinta, aka soma da aure 100. Cikin 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya bayyana shirin tattara dokar iyali cikin kundi ɗaya, kamar yadda Maroko, wadda ita ma Malikiyya ce, ta yi cikin 1957 da 1958, ta kuma gyara cikin 2004 ta sa saki a gaban kotu. Malamai suka yi ta muhawara, aka kuwa sauke shi daga sarauta cikin 2020 kafin kundin ya zama doka.

Abin da tarihin ya koyar

Daga Almagili zuwa Shehu, daga Shehu zuwa kotunan yau, sunan zaure ya sake sau da yawa, amma hukuncin bai sake ba, kukan ma bai sake ba. Mace tana fita daga ɗakinta ran da aka sake ta, alhali tana da zama. Tana biyan kuɗin hul'i, alhali an cuce ta. Ana karɓe mata yaro ran yaye, alhali riƙo nata ne, ko kuwa a bar mata shi ba ci ba sutura, alhali nauyin na uba ne. Yaron da aka raba da uwarsa yana ƙarami, ko aka bar shi ba mai ciyarwa, shi ke biyan bashin faɗan da bai san mafarinsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wanda Allah Ya ba karatu da rubutu yana da makamin da kakanninsa ba su da shi. Yana iya tabbatarwa an rubuta takardar saki da kwanan wata, da adadin sakin, da sunayen shaidu, domin daga wannan rana ake ƙirga idda, da ita kuma ake sanin ko akwai kome. Yana iya rubuta sadaki da kayan ɗaki tun ranar tarewa, ya ajiye rasidin kotu da takardar hukunci, ya kuma san in alƙali ya karkace akwai na gaba da shi. Uban da ya san ciyad da 'ya'yansa wajibi ne ba alfarma ba, da uwar da ta san ba ta da ikon hana su ganin ubansu, su ne ke iya rabuwa ba tare da sun yanke zumuncin da ke tsakanin gida biyu ba. Shari'a ta umurci a zauna da alheri ko a rabu da kyautatawa. Allah Ya ba ma'aurata haƙuri, Ya ba alƙalai adalci, Ya raya zuriya, amin.